Wutsiyar Kwalli a Hoton Ƙashi

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa tsayar da idonta a kan fuskata ba. Haka al'adar take a wajen mutanenmu na bakin kogin Haɗeja, ita kuwa ta riƙe ta da hannu bibbiyu. Idan tana son ruwa sai ta fuskanci bango ta ce a gaya wa waccan ta kawo ruwa, ko da daga ni sai ita ne a tsakar gidan. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, ban dawo ba sai da na isa shiga firamare. Ko Inna ban iya ce mata ba. Yaya nake kiranta, yadda na ji ƙannenta suna yi, har yau kuma bakina bai sauya ba.

Ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai ina yarinya. Ni mai baki ce, ga saurin hawa, kuma ban ga dalilin da ƙannena za su ɗare cinyarta ni kuwa a riƙa aiko mini da saƙo ta bango ba. Abin da na samu na rama da shi kallo ne. Tunda ita ba za ta dube ni ba, sai ni na riƙa dubanta son raina. Kowace safiya, in ta gama shara, takan zauna a bakin ƙofar ɗakinta da ɗan madubi da tandun kwalli, ni kuma in laɓe bayan randa in zuba ido. Da kanta take niƙa dutsen kwallinta, ba ta yarda da na 'yan koli da aka riga aka niƙa ba. Tana zizara shi a hankali tun daga gefen hanci, in ta kai ƙarshen ido sai ta ja masa 'yar wutsiya sama, sannan ta lanƙwaso bakin wutsiyar ƙasa kamar ƙugiyar kamun kifi. Duk ƙauyenmu babu macen da ke yin haka sai ita. Na sha gwadawa a ɓoye da gawayi, ban taɓa dacewa ba.

Ƙauyen namu yana kusa da Kirikasamma. Baba masunci ne, mutum marar magana, wanda zai iya wuni yana ɗinkin koma bai ce uffan ba. Yaya kuwa banda take yi. Tarwada da karfasa da duk abin da Baba ya fito da shi daga ruwa, ita ke gyarawa ta jera a kan waya ta hura masa wuta, masu saye su zo har daga nesa. Ni karatu ya ɗauke ni. A shekarun tamanin na gama kwalejin horon malamai, aka ba ni aji a cikin garin Haɗeja, na yi aure a can, muka zauna a wata unguwa ta malamai da ma'aikata. Katanga ɗaya ce tsakanina da wata abokiyar aikina, Kirista 'yar Filato, wadda mijinta ke ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Cikin azumi ni ke miƙa mata kunu ta kan katanga, ranar Kirsimeti ita ke miƙo mini shinkafa.

Bayan an ba mu jiha da ɗan lokaci, wani ɗan kumburi ya fito wa Yaya a ƙarƙashin ƙarshen girarta ta hagu. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Kowa ya ce hayaƙin banda ne, har da ni mai takardar shaida. Maganin da ta sani na ido ɗaya ne, don haka ta ƙara kwalli. Da wata gwaggonmu ta dawo daga aikin hajji da tsarabar kwallin Makka, sai Yaya ta riƙa kwaɓa shi da man shanu tana shafawa a kan kumburin kansa, safe da yamma, har wurin ya yi baƙi wuluk. Ambaliya ta zo ta janye sau biyar, kumburin yana nan yana ƙaruwa a hankali, idon kuma yana turowa waje yana karkata wajen hanci. Da yake ba ta kuka da shi, mu ma muka saba da ganinsa.

Ranar da hankalina ya tashi, hutun makaranta ne na je gida. Ina zaune na ga ta ɗebo kunu a ludayi za ta zuba a kofi, sai ta tsiyaye shi a ƙasa, dab da kofin. Ta sake ɗebowa, ta rufe idon hagun da tafin hannu, sannan ta zuba daidai. Na tambayi ƙanwata, ta ce ai an fi wata shida Yaya tana ganin komai biyu-biyu, har ta sha ajiye kifi a gefen waya ya faɗa wuta. Wata shida, kuma ba wanda ya aiko mini. Na yi faɗa a gidan nan har kaji suka watse. Yaya ta gaya wa bango cewa waccan ta rage murya, maƙwabta na ji. Na ce wa bangon ya gaya mata gobe da safe za mu Haɗeja.

Likitan da ya duba ta ya ce a ɗauko hoton ƙashin fuska, sannan mu kai wa likitan ido a Kano. Maƙwabcin nawa ne ya ɗauki hoton. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce Mama ta cire 'yan kunne da sarƙa da duk wani ƙarfe da ke kanta, har ɗankwalinta mai zaren ƙyalli sai da ya sa aka sauya. Ta cire komai ba musu. Ni ina tsaye ina riƙe da kayan, ina kallon fuskarta. A ranar ta rambaɗa kwalli fiye da kullum, don za ta shiga gari gaban baƙin ido, ta kuma yi wa kumburin shafe mai kauri don ta ɓoye shi. Ni da mai hoton duka mun gani, kuma babu wanda ya kawo komai a ransa. Wa zai dubi kwalli a idon Bahaushiya ya ce wani abu ne?

Likitan Kano dattijo ne mai sanyin murya. Ya matsa kumburin da yatsa, ya auna yadda idon ya fito, sannan ya maƙala hoton a jikin wani akwati mai fitila. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce ƙari ne ya tsiro a maɓuɓɓugar hawaye, wadda ke zaune a saman ido ta gefen waje, shi ke turo idon. Ya ce irin wannan ƙarin kashi biyu ne. Akwai mai zama cikin fatarsa yana ture abin da ke kusa da shi kawai, akwai kuma mai cin nama da ƙashi. Sai ya nuna mini waɗansu fararen ɗigo-ɗigo da suka taru daidai inda ƙarin yake, kamar an watsa gero. Ya ce ba zai yanke hukunci da wannan hoton kaɗai ba, sai an yi wani a babbar na'ura, amma irin waɗannan ɗigon sun fi tafiya da mugun. In kuwa shi ne, to mu shirya, mai yiwuwa sai an cire idon da abin da ke kewaye da shi kafin a tsira da rai.

Da Hausa ya faɗa, kuma Yaya ta ji kowace kalma. Muka fito muka shiga mota. Sai da muka wuce gari sosai ta juya wajen taga.

"A gaya wa waccan ta mai da ni gida," in ji ta. "Da idona biyu na zo duniya, da su zan koma."

Ta koma ƙauye, ta ce ita da asibiti har abada. Na bi ta na yi lallashi, na yi kuka, na yi barazana, duk a banza. Na tasa Baba a gaba na ce ya yi mata umarni, ya ce shi ba zai umarci mutum ya je a ƙwaƙule masa ido ba. Na dawo Haɗeja ina jin haushin kowa, har 'yan ajina suka gane, suka daina ko tari in na shigo. Tsoro ne ke cina. In mugun ne zai kashe ta tana zaune a gaban wutar banda, in kuma ba shi ba ne idon zai ci gaba da fitowa har ya lalace, mu duka muna kallo.

Hoton yana cikin babbar ambulan a saman kabad ɗina wajen mako uku. Wata Asabar da hantsi, na gama wanki, sai na ɗauko shi. Ba don in gano wani abu ba ne. Yaya ba ta taɓa yarda ta zauna gaban mai hoto ba ko da salla, saboda haka wannan baƙin fim ɗin mai ƙoƙon kai da haƙora shi ne kaɗai hoton uwata da na mallaka a duniya. Na fito tsakar gida na ɗaga shi ga rana. Na dubi ɗigon nan na tsine musu. Daga nan, don kada in ci gaba da kallon abin da ke ɓata mini rai, na mai da idona wajen gurbin idon dama, mai lafiyar.

Akwai wani siririn farin layi a wurin, dishi-dishi, wanda ya bi ta inda bakin fatar ido zai kasance. Na bi shi da ido daga gefen hanci har ƙarshe. A ƙarshen ya ɗaga sama kaɗan, sannan ya lanƙwaso ƙasa.

Na shekara nawa a bayan randa ina kallon wannan ƙugiyar? Ko a cikin dubu zan fitar da ita. Na duba gefen hagu, ga ta nan ita ma, ta nutse cikin ɗigon da likita ya nuna, daidai inda Yaya ke yin shafenta na man shanu. Ban tsaya neman takalmi ba. Na faɗa gidan maƙwabta ko sallama ban gama ba, na tarar da abokiyar aikina tana tsince wake, mijinta yana wanke babur. Na tura masa fim ɗin a fuska na ce ya gaya mini, kwalli yana fitowa a hoton ƙashi ko ba ya fitowa?

Ya goge hannu a wando, ya karɓa ya ɗaga sama. Na nuna masa layin da farce. Ya bi layin da ido har ƙarshe, sannan ya zauna a kan bokitin da ya kife. Ya ce dutsen kwalli ɗan'uwan dalma ne, dalma kuwa ita ce ke cikin rigar nan mai nauyi da yake sawa a wurin aiki don hasken na'ura ba ya ratsa ta. Duk abin da hasken bai ratsa ba fari yake fitowa. Ya ce shekara da shekaru yana sa mata su cire 'yan kunne, bai taɓa tunanin ya ce wa wata ta wanke ido ba, don yawancinsu ɗan siriri suke sawa, ba ya kama fim. Matarsa ta ce to ai bai taɓa haɗuwa da mai sa shi da ludayi ba sai yanzu.

Mutum ne mai taka-tsantsan, bai bar ni na yi guɗa ba. Ya ce ƙarin dai yana nan, kwalli bai ƙirƙire shi ba, kuma zato ba hujja ba ne sai an gwada. Ranar Litinin na kai masa ragowar kwallin Makkan da gwaggo ta ba ni, da man shanu a murfin kwalba, da wata ƙatuwar bandar tarwada daga cikin wadda Yaya ta ba ni. Ya kwaɓa kwallin yadda na kwatanta masa, ya shafa wa kifin a gefe ɗaya na kai, ya bar ɗaya gefen, ya kwantar da shi a kan teburin da ake kwantar da mutane. Da fim ɗin ya fito, ga ƙayoyin tarwada reras, ga kuma farin gero a watse a gefen da aka shafa. Ɗaya gefen fes. Na rungume fim ɗin yana ɗigar ruwa, ya ɓata mini gaban riga, ban damu ba. Kifin kuwa matarsa ta yanke kan ta yar, ta yi musu miya da sauran.

Na ɗauka aiki ya ƙare, ashe yanzu aka fara. Na isa ƙauye da fim biyu, na Yaya da na tarwada, na baje su a tsakar gida, na yi bayani kamar ina gaban allo. Na ce abin da ake bukata kawai ta wanke idonta tas, ta kwana uku ba kwalli, a sake ɗauka. Ƙannena suna ta murna. Yaya ta saurara har na gama, sannan ta sanar da bango cewa ba za ta yi ba.

Na manta da abin da kowace mace a ƙauyenmu ta sani. Matar aure ba ta fita da ido fari. Wadda ake gani ba kwalli ita ce mai takaba, wadda mijinta ya rasu. Tun ranar da aka kawo Yaya gidan Baba ba a taɓa ganin idonta haka ba, ko ranar da ta haihu. A ce ta ratsa ƙauye, ta shiga mota, ta sauka a Haɗeja da ido fari alhali mijinta yana numfashi, wannan a wurinta fata ne na mugun abu a kansa. Ta ce gara idon ya fita.

A nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na ɗaga murya na ce wato kwalli ya fi ido, ya fi mu, ya fi ranta? Na ce duk rayuwata tana magana da bango saboda al'ada, yanzu kuma za ta makance saboda al'ada, to ni na gaji. Baba yana gindin bishiya da komarsa a cinya, ban ma san yana ji ba. Ya soke allurar a jikin komar, ya ajiye, ya taso ya tsaya a kan Yaya.

"Tashi ki wanke," ya ce. "Ni zan raka ki. Duk wanda ya ga idonki zai ga ni ma a gefenki. In wani ya yi miki ta'aziyya, ki nuna masa ni."

Ƙanwata ce ta fara fashewa da dariya, sai kowa ya kama. Yaya ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa.

Ni na yi wankin, don ita in ta rufe ido ɗaya ba ta ganin abin da take yi da kyau, ƙannena kuma tsoron taɓa kumburin suke. Na dafa ruwa ya yi ɗumi, na samo auduga da sabulu marar ƙamshi. Ta zauna a kan tabarma ta rufe idanu, na durƙusa a gabanta. Wannan ne karo na farko da hannuna ya taɓa fuskar uwata tun da na yi wayo. Fatar tana da laushi fiye da yadda na zata, tana ƙamshin hayaƙi da man shanu. Kwallin shekara talatin da ɗoriya ba ya fita a zama ɗaya. Kwana uku muna yi safe da yamma, audugar tana fitowa baƙa, sannan toka-toka, sannan fara. Duk tsawon kwanakin ba ta fita ko zaure ba, kuma ba ta ce mini komai ba, sai dai in na matsa da ƙarfi ta ɗan riƙe mini wuyan hannu.

Ranar tafiya Baba ya sa babbar rigarsa ta salla da hula sabuwa. Mutumin da ba ya haɗa kalma biyar a wuni, ranar nan sai da ya gaishe da kowa tun daga ƙofar gida har tasha, da murya sama, har da waɗanda ba sa shiri. A tashar Kirikasamma wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta dubi idon Yaya, ta saki matsami, ta fara salati tana tambayar yaushe aka yi rashin. Baba ya matso ya yi gyaran murya, ya ce mata mamacin ne da kansa, a ba shi ƙosai mai zafi. A asibiti kuma ya sa aka ajiye masa benci a daidai ƙofar ɗakin hoto, ya zauna ya miƙe ƙafa, kowa ya zo wucewa sai ya tsallake shi.

Maƙwabcina ya fito da sabon fim ɗin da kansa, yana tafe yana murmushi. Babu ɗigo ko ɗaya. Babu layi, babu ƙugiya. Abin da ya rage shi ne wani ɗan lotsawa a ƙashin saman ido, sumul, kamar gurbin da tulu ke bari a cikin yashi.

Muka koma Kano mu uku. Na miƙa wa dattijon likitan fim uku, na ce ya fara da na kifin. Ya dube ni ta saman tabarau kamar mai shirin kiran masu gadi, amma ya maƙala. Da na gama bayani ya jera na Yaya biyu gefe da gefe, ya duba wannan ya duba wancan, sai ya cire tabarau ya yi dariya har da hawaye. Ya aika aka kira masa ƙananan likitoci da ɗalibai, suka cika ɗakin, ya ba ni sandar nuni ya ce Malama ta koya musu. Ni kuwa abin nema ya samu. Na tsaya gaban masu fararen riguna na nuna musu inda layin ya taso, inda ya ɗaga, inda ya lanƙwasa, har na tambayi wani dogo a baya ko ya gane ko in maimaita. Likitan ya ce daga ranar duk matar da za a ɗauki hoton idonta a wurinsa sai an tambaye ta kwalli. Yaya tana zaune a kusurwa da mayafi har goshi, tana yi kamar ba da ita ake ba.

Ya ce lotsawar nan mai santsi alama ce mai kyau, don abin da ke cin ƙashi ba ya barin sa sumul, kuma shekara biyar ba ciwo ita ma alama ce mai kyau. Duk da haka ya tura mu babbar na'urar, wadda a lokacin sai an yi tafiyar yini guda kafin a same ta. Wani ƙaton zobe ne da ake tura mutum ciki a kwance. Yaya ta ce ba ta shiga sai Baba na inda za ta ji tarinsa, aka bar shi a bakin ƙofa yana ta tari ba gaira ba dalili. Hotunan suka fito da yawa a jere, an yanka kan mutum fala-fala kamar albasa. A nan na ga abin da ido na. Dunƙule yake, kewayayye, bai kai ƙwan kurciya ba, da iyakarsa a fili ta ko'ina. Ya ture idon gefe amma bai shige shi ba, jijiyar gani kuma tana can bayansa lafiya lau.

Likitan ya ce irin wannan ba a yankar ɗan yanki don gwaji, in aka fasa fatarsa yakan dawo. Ɗungurungum za a ɗauke shi, ta gefen gira, ba tare da an taɓa idon ba. Da Yaya ta ji kalmar nan ta ƙarshe ta sa aka maimaita mata sau biyu. Aka shiga da ita ɗakin tiyata da safe, kafin azahar aka fito. Wata nas ta kawo mana abin a cikin kwalba mu gani, ɗan mitsitsi, fari-fari, bai fashe ba. Baba ya daɗe yana juya kwalbar, ya ce shi da ya fito da wannan a komarsa, da ruwa zai mayar da shi. Bayan kwanaki sakamakon gwaji ya dawo, ya tabbatar ba mugun ba ne. Na fita bayan ɗakin na yi sujada a kan siminti, na tashi da ƙasa a goshi.

Sauran abu ɗaya, ko ganin biyu-biyun zai tafi. Sai da kumburin aikin ya saɓe aka mai da mu wurin likita. Ya cire auduga, ya duba ɗinkin, ya haska fitila. Idon ya koma gurbinsa, ja ne kaɗan, amma yana zaune daidai da ɗan'uwansa. Ya sa ta bi yatsansa sama da ƙasa. Sannan ya waiga yana neman abin da zai sa ta kalla daga nesa, sai ya gan ni a tsaye a jikin ƙofa. Ko dai shi ba mutumin wajenmu ba ne, bai san al'adar ba, ko kuwa ya sani ya yi da gangan, ban taɓa tambayarsa ba.

"Mama, buɗe duka biyun ki dubi 'yarki," ya ce. "Ki dube ta sosai. Mutum nawa kike gani?"

Baba ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Ni na rasa inda zan sa hannuwana. Na ga Yaya ta fara juyawa wajen bango yadda ta saba, ta tsaya a rabi, sannan ta ɗago a hankali ta sauke idanunta a kaina. Babu kwalli a cikinsu, babu wutsiya, idanu ne kawai masu ruwan ƙasa-ƙasa, kuma ashe irin nawa ne. Ta dube ni tun daga ɗankwali har haɓa, ba ta yi sauri ba. Likita ya samu amsarsa tuntuni da ta so, amma ta ci gaba da kallo, ni kuma na tsaya ƙyam ina hawaye kamar 'yar aji ɗaya.

"Ɗaya ce, likita," in ji ta. "Da biyu ne ai da garin bai zaunu ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya, likita ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce kada ta kusanci kwalli sai ɗinki ya warke sarai. Muka tashi tafiya. Mayafinta yana rataye a kan kujerar da ke kusa da ni, ga bango nan fari tas a gefenta, mai saurare kamar kowane bango. Ba ta ko waiwaye shi ba.

"Ke," ta ce, idonta a cikin nawa, "miƙo mini mayafina mu tafi gida."